Mashaƙo da kwalara: yadda dafin ƙwayoyin cuta ke kutsawa cikin ƙwayoyin halittar jikinmu

Tun ƙarshen shekarar 2022, lokacin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta fara samun rahoton ɓarkewar mashaƙo a Kano da Legas, har cutar ta bazu zuwa Yobe da Katsina da Bauchi da Borno, ta kuma ɓulla a jihar Damagaram ta Nijar, akwai tambayar da iyaye suka yi ta yi ba tare da samun amsa mai gamsarwa ba. Yaro ya kamu, an kai shi asibiti, an ɗora shi kan maganin kashe ƙwayoyin cuta, zazzaɓi ya sauka, maƙogwaro ya fara washewa, har maƙwabta sun fara yi wa uwar barka. Bayan kwana goma ko mako biyu sai bugun zuciyarsa ya rikice, rai ya yi halinsa. To idan an kashe ƙwayar cutar, mene ne ya yi wannan ɓarna?

Ajali dai na Allah ne, amma sanadin yana da bayani, kuma bayanin yana can ne a bakin wata katanga siririya da ido ba ya gani.

Ƙwayar cuta daban, dafinta daban

Bakteriyar mashaƙo, wadda masana ke kira Corynebacterium diphtheriae, ba mai yawo ba ce. Galibi tana zamanta ne a maƙogwaro da hanci, wani lokaci a kan gyambon fata. Wani likita Bajamushe, Friedrich Loeffler, wanda ya fara renon ta a ɗakin gwaji a 1884, ya lura da abin mamaki: ƙwayar tana wuri guda, amma ɓarnar tana can nesa a wasu sassan jiki. Sai ya yi zargin cewa akwai abin da take aikawa. A 1888, Emile Roux da Alexandre Yersin na cibiyar Pasteur da ke Faris suka tace ruwan da suka reni ƙwayar a ciki har babu bakteriya ko ɗaya, suka yi wa dabbobi allurarsa, dabbobin suka nuna irin lahanin da cutar ke yi. Ke nan makashin yana cikin ruwan.

Wannan shi ne dafi. Wanda kububuwa ta sara ya san cewa kashe macijin yana hana shi sake saran wani, amma ba ya fitar da abin da ya riga ya zuba a jini. Maganin kashe ƙwayoyin cuta sanda ce ta kashe maciji.

Dafin kansa furotin ne, wato wata doguwar sarƙa da aka ƙulla da ƙananan tubala, guda 535 a dafin mashaƙo, aka naɗe ta cikin wata siffa ta musamman. Wani abin da ba kowa ya sani ba: ba kowace bakteriyar mashaƙo ce ke iya yin dafi ba. A 1951 Victor Freeman ya gano cewa sai wata ƙwayar bairas mai kama bakteriya ta shige ta, ta ba ta umarnin haɗa dafin. Ita ma, ashe, harbinta aka yi.

Katangar da ba ta da tsaga

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta bila adadin, kowace tamkar gida ce mai zaman kanta, da ma'aikatanta da rumbunta da madafinta. Abin da ya kewaye kowane gida shi ne wani tantani na maiƙo, rufi biyu, wanda gashin kai ya fi shi kauri wajen sau dubu goma. Siririya ce katangar, amma ƙarfinta yana cikin wata ƙa'ida da duk wanda ya taɓa zuba man gyaɗa cikin ruwa ya sani: mai da ruwa ba sa gauraya. Duk abin da ke narkewa a ruwa, idan ya zo tsakiyar tantanin nan mai maiƙo, sai ya ja tunga. Iskar da muke shaƙa tana ratsawa, haka wasu 'yan ƙananan abubuwa. Gishiri da sukari sai ta ƙofofinsu na musamman. Shi kuwa furotin, ƙato ne kuma ɗan ruwa ne. A ƙa'ida ba shi da hanyar wucewa.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan karin maganar bai cika aiki ba, domin dafin mashaƙo ba ya jiran tsaga. Wadda ta fi dacewa da shi ita ce: da ɗan gari akan ci gari. Kusan duk matakin da zai taka, masu gidan ne ke taka masa.

Hanyar zaure

Dafin yana da ɓangare biyu, masana suka sa musu A da B. Ɓangaren A shi ne mai aikata ɓarna, amma shi kaɗai ba ya iya shiga ko'ina. Ka zuba shi a kan ƙwayar halitta, zai yi ta shawagi a waje. Ɓangaren B ba ya kisa, aikinsa rakiya da buɗe hanya. Shi ma ya kasu biyu: hannu mai kamawa, da kuma wani kai mai huda.

Da farko hannun yana neman makama. A jikin tantanin wasu ƙwayoyin halittarmu akwai wani furotin da ake kira HB-EGF, wanda asalin aikinsa ya shafi girma da gyaran nama. Ba don dafi aka yi shi ba, amma siffar hannun dafin ta yi daidai da shi kamar ɗan makulli da kwado. Sai a 1992 aka tabbatar cewa shi ne makamar. Wannan ne dalilin da ya sa ɓera ke jure wa dafin da zai hallaka yaro: nasa HB-EGF ya ɗan bambanta da namu, hannun dafin ba ya riƙe shi da kyau.

Daga nan wani almakashi na jikinmu, sunansa furin, yakan ɗan tsaga sarƙar tsakanin A da B. Ba su rabu ba tukuna, akwai wani zare guda da ke riƙe da su.

Sai ƙwayar halittar ta yi abin da ta saba yi kullum ga duk abin da ya maƙale a makamarta: wurin ya loɓa ciki, ya zama 'yar jaka, jakar ta tsinke ta faɗa ciki ɗauke da baƙon. A nan ne mutane da yawa, har da ɗalibai, ke kuskuren fahimta. Dafin da ke cikin jakar nan bai shiga gida ba. Yana zaure ne. An shigo da shi daga titi, amma har yanzu akwai bango tsakaninsa da tsakar gida, kuma bangon irin tantanin nan ne mai maiƙo. Galibin baƙin da aka shigo da su zauren nan, makomarsu ita ce a tura su wani ɗaki inda ake narkar da su.

Shirin narkarwar ne ke ba dafin dama. Ƙwayar halitta takan fara tura tsami cikin jakar. A ma'aunin tsami da ake kira pH, jini yana kan 7.4, cikin jakar kuwa yakan sauko zuwa tsakanin 5 da 6, wato tsamin ya ƙaru. Da tsamin ya taɓa shi, kan nan mai huda sai ya warware, ya fito da wasu sassa masu son maiƙo da ya ɓoye a cikinsa, ya cusa su cikin bangon. Shi ma A sai ya kwance naɗinsa, ya zama kamar zare, ya zurara zuwa ɗaya gefen. A can aka tsinke zaren da ya haɗa shi da B, ya sake naɗe kansa, ya fara aiki.

Yadda aka gano haka yana da daɗin ji. An lura cewa idan aka zuba wa ƙwayoyin halitta da ke cikin faranti sinadarin da ke hana jakar yin tsami, har da kulorakwin da muka sani na zazzaɓin cizon sauro, dafin ba ya iya kashe su. A 1980 kuma Kirsten Sandvig da Sjur Olsnes a ƙasar Norway suka nuna cewa idan aka tsamama ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin, dafin yana ratsawa kai tsaye daga waje ba tare da bi ta zaure ba. Kada wani ya ji wannan ya ruga kemis sayen kulorakwin: abin da ya yi aiki a faranti ba magani ba ne a jikin yaro.

Har yau masana ba su gama daidaitawa kan sakan ɗin ƙarshe na wannan tsallake ba. Wasu na ganin kan mai huda yana yin rami ne na sosai, A ya bi ta ciki. Wasu na ganin ramin da ake iya aunawa saura ne kawai, A yana silalewa ne ta gefen sassan da aka cusa. Akwai kuma shaidar cewa wasu ma'aikatan cikin gida, waɗanda aikinsu taimaka wa furotin naɗe kansa, su ke jawo shi ciki da hannunsu.

Ɓarawo ɗaya tak

Kowace ƙwayar halitta tana rayuwa ne ta hanyar ƙera sabon furotin ba dare ba rana. A masaƙar da ake wannan aiki akwai wani ma'aikaci, EF-2, wanda ke tura zaren gaba bayan kowane ƙulli. Ɓangaren A yana liƙa masa wani ɗan guntun sinadari, ya sandare. Sai ya matsa ga na gaba, da na gaba, shi kuwa ba ya ƙarewa. A 1978 wasu masana a Japan suka nuna cewa ƙwaya ɗaya tak ta ɓangaren A ta isa ta kashe ƙwayar halitta sukutum.

A maƙogwaro, gawarwakin ƙwayoyin halitta da jini da sojojin jiki ke haɗuwa su yi farar fatar nan mai ruwan toka wadda ke maƙalewa, ke zubar da jini idan an kankare ta, ke iya toshe numfashi. Sauran dafin ya bi jini. Tsokar zuciya da jijiyoyin laka suna cikin waɗanda ya fi kamawa. Shi ya sa ciwon zuciyar ke bayyana galibi a mako na biyu, shanyewar jijiya kuma bayan haka, har ka ga yaron da aka sallama yana magana ta hanci, ruwan da ya sha yana fitowa ta hancinsa. Dafin ya shiga tun kwanakin farko. Sakamakon ne ya yi jinkiri.

Kwalara ta bi ta hanyar shara

Dafin kwalara bai iya huda bango ba ko kaɗan, kuma a ganina dabararsa ta fi ta mashaƙo ban mamaki. Wani likita a Kalkata ta Indiya, Sambhu Nath De, shi ya tabbatar da samuwarsa a 1959. Ɓangaren B ɗinsa guda biyar ne da suka yi zobe, A yana zaune a kai. Zoben yana kama wani maiƙo mai sukari a fuskar ƙwayoyin hanji, sunansa GM1.

Bayan an shigo da shi zaure, sai ya bi hanyar da ƙwayar halitta ke fitar da kayan da ta ƙera, amma ya bi ta a juye, daga wurin ɗaure kaya har can cikin masana'anta. Yana ma ɗauke da wata alama irin wadda ma'aikatan masana'antar ke ɗauke da ita, mai nufin a mayar da wannan wurin aikinsa. A masana'antar akwai tsarin tantance kaya: duk furotin da ya fito a karkace, akan warware shi a tura shi ta wata kafa zuwa tsakar gida, a niƙe shi. Ɓangaren A na kwalara sai ya yi kama da lalataccen kaya. Masu gidan da kansu su warware shi, su fitar da shi. Kafin a niƙe shi kuwa sai an rataya masa tambarin shara, shi kuma kusan ba shi da wurin da tambarin zai kama. Ya sake naɗe kansa, ya tsira.

Ba ya kashe ƙwayar halittar. Makunni guda yake dannawa ya hana shi dawowa, sai ƙofofin gishiri su wangale zuwa cikin hanji, ruwa ya bi gishiri. Wannan ne gudawar nan mai kama da ruwan wankin shinkafa, wadda a tsananinta babban mutum kan iya zubar da kusan lita guda cikin awa ɗaya.

Tunda hanjin bai mutu ba, akwai wata ƙofa da dafin bai taɓa ba, wadda ke shigar da gishiri idan ya zo tare da sukari, ruwa kuma ya biyo su. Asirin ruwan gishiri da sukari ke nan. A 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, Dilip Mahalanabis ya yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijira bayan ƙarin ruwa ya yanke, mace-mace suka ragu ƙwarai. Ruwan ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya karya dafi. Yana riƙe mutum ne har ƙwayoyin hanjin da dafin ya shiga su zube, sababbi su maye gurbinsu cikin 'yan kwanaki. Mai mashaƙo ba shi da wannan gata, domin tsokar zuciya ba ta sabuntuwa haka.

Sauran 'yan fashin

Dafin tetanus, mai sarƙe haƙora da sandarar da jiki, matafiyi ne. Daga rauni, ko daga cibiyar jariri da aka yanke da ƙazamar reza ko aka shafa mata abin da bai kamata ba, yana kama bakin jijiya, ya hau cikinta har laka. A can ya shiga jijiyoyin da ke aikin birki, ya yanke igiyar da suke sakin saƙonsu da ita, tsoka ta ɗaure ba mai ce mata saki. Nisan rauni da laka yana cikin abin da ke sa alamun su yi saurin fitowa ko su jinkirta. Ɗan'uwansa dafin botulinum, wanda ake samu a gurɓataccen abincin gwangwani, a bakin jijiyar yake tsayawa ya hana tsoka motsi. Shi ne Botox da ake sayarwa don goge tamojin fuska.

Cutar antaraks ta dabbobi, wadda aka tabbatar a wata gona kusa da Suleja a watan Yulin 2023 har aka yi ta gargaɗi kan cin ganda, tana aiko da magina bakwai ko takwas su haɗa bututu a bangon zaure, sannan masu ɓarnar su zurara ta ciki ɗaya bayan ɗaya. Wasu dafin ba ruwansu da shiga, ramuka suke yi a katangar waje gidan ya tsiyaye, irin na bakteriyar da ke kawo namoniya da wani nau'in sanƙarau. Bakteriyar Salmonella da Shigella masu kawo gudawa kuwa allura gare su, su manne da ƙwayar halitta su ɗura mata kayansu kai tsaye.

Abin da wannan ke nufi a bakin gadon mara lafiya

Maganin dafin mashaƙo, wanda ma'aikatan lafiya ke kira DAT, sojojin jiki ne da aka tace daga jinin dokin da aka saba masa da dafin, dabara iri ɗaya da ta maganin dafin maciji da ake nema a Kaltungo ta jihar Gombe. Tushensa aikin Emil von Behring da Shibasaburo Kitasato ne a 1890, kuma a kansa aka ba Behring lambar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901. Sojojin nan su ma furotin ne, manya, 'yan ruwa. Katangar da ta kamata ta hana dafi shiga ita ce ke hana su bin sa ciki. Dafin da ke yawo a jini za su kama shi. Wanda ya riga ya tsallake, ya tsallake.

Saboda haka ne ƙa'idar likitoci ita ce a ba da DAT da zarar an yi zargin mashaƙo, ba a jiran sakamakon ɗakin gwaji, kuma yawan da ake bayarwa yana ƙaruwa gwargwadon kwanakin da ciwon ya yi da kumburin wuya. A 1925, da cutar ta ɓarke a garin Nome na Alaska cikin tsananin ƙanƙara, da karnuka masu jan kaya aka yi gudun kai maganin, fiye da kilomita 1,000 cikin kwana biyar da rabi. Mutanen nan ba su san HB-EGF ba, amma sun san kwana ɗaya yana da tsada.

A wurinmu kwanakin nan sukan tafi ne a hanyar da kowa ya sani: kwana biyu ana gwada maganin mura, kwana biyu na allurar kemis, wani ma a kai shi wurin wanzami a taɓa maƙogwaron. Ban ga laifin iyaye su kaɗai ba. Ciwon yana farawa ne kamar ciwon wuya na yau da kullum, asibiti da nisa, kuɗin mota ba ya hannu. Shi kansa DAT kamfanoni ƙalilan ne ke yin sa a duniya, tun da ƙasashen da suka kawar da cutar suka daina buƙatarsa, kuma an sha fama da ƙarancinsa a wannan ɓarkewar. Uwa na iya kai ɗanta da wuri ta tarar babu.

Wannan ba ya nufin maganin kashe ƙwayoyin cuta banza ne. Shi ke tsayar da ƙera sabon dafi, shi ke hana yaron harbin ƙannensa da 'yan ajinsu, kuma akan ba waɗanda suka yi cuɗanya da shi. Amma ba a kowace cuta yake zama alheri ba. Akwai wani nau'in bakteriyar hanji, E. coli, mai dafin da ake kira Shiga, wanda ke kawo gudawar jini ya lalata ƙoda, irin wanda ya kashe mutum fiye da 50 a ɓarkewar da ta faro a Jamus a 2011. Wasu magungunan kan sa wannan bakteriya ta ƙara sakin dafi, shi ya sa likitoci ke taka-tsantsan da su a irin wannan gudawa.

Tare dafi kafin ya iso ƙofa

A 1923 Gaston Ramon, likitan dabbobi a Faransa, ya nuna cewa idan aka jiƙa dafin mashaƙo da sinadarin fomalin, yakan rasa ikon cutarwa amma siffarsa ta waje tana nan. Jiki ya gan shi, ya koyi kamanninsa, ya tanadi sojojin da za su riƙe masa hannu kafin ya kai ga makama. Wannan kasasshen dafi, tare da na tetanus, yana cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai a mako 6 da 10 da 14, yana kuma cikin allurar Td da ake yi wa masu juna biyu.

Abu biyu ke biyo bayan wannan, kuma dukansu kan rikita mutane. Na ɗaya, rigakafin dafin yake tarewa, ba ƙwayar ba, don haka wanda aka yi wa allura na iya ɗauke da bakteriyar a maƙogwaronsa yana lafiya lau, ya kai wa wanda ba a yi wa ba. Na biyu, warkewa daga ciwon ba lallai ta bar garkuwa ba. A tetanus ma abin ya fi fitowa fili: dafin da zai kwantar da mutum bai kai yawan da jiki zai koyi kamanninsa ba. Shi ya sa ake yi wa wanda ya tashi daga mashaƙo ko tetanus allurar rigakafi, iyaye kuwa su yi ta mamakin me ya sa za a yi wa wanda ya riga ya sha ciwon.

Kasasshen dafin tetanus ya ma sami wani aiki na daban. Rigar sukari da ke jikin bakteriyar sanƙarau ba ta jan hankalin garkuwar ƙananan yara, sai aka ɗaure ta a jikinsa ya zama ɗan dakonta. Haka aka haɗa allurar rigakafin sanƙarau ta MenAfriVac da aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso arewacin Najeriya a 2011.